Seini Ya Bar Ɗaurin Goro Ya Koma Roƙo

Yaran yanzu na unguwarmu Aboabo, nan Zangon Kumasi, sun ɗauka wana Seini da roƙo aka haife shi. Ƙarya ne. Gidanmu babu maroƙi, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba, wanda kuma ya ce akwai ya zo ya same ni a bakin tukunyar kokona mu yi ta. Ni ce Safiatu, ƙanwarsa ciki ɗaya, kuma ni zan faɗa muku yadda mutum ya haura hamsin sannan ya ajiye sana'ar da ya gada ya ɗauki wadda ake raina mai yin ta.

Ubanmu mutumin Salaga ne, can Gwanja, a arewacin ƙasar nan. Ya gangaro Kumasi da ƙuruciyarsa ya shiga ɗaurin goro, a nan ya mutu, Seini ya karɓi igiyar daga hannunsa. Ɗaurin goro ba ciniki ba ne, kada a ruɗe ku. Mai ɗauri ba ya saye, ba ya sayarwa. Ana zube masa goro a gabansa, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya tsince wanda sankara ta ci, ya ware fari ya ware ja, ya shimfiɗa ganye ya jera, ya yayyafa ruwa, ya naɗe ya ɗaure tamau. Wannan ƙunshin shi ake kira huhu. In mai ɗauri gwani ne, huhu zai yi tafiya har Kano a buɗe a tarar da goro kamar yau aka ɓare shi. Na Seini bai taɓa dawowa da ƙorafi ba. Ga shi mutum ne da magana ke yi wa wuya. Sai ka yini da shi, in ya ce maka "to" ka ci riba.

A rumfar Alhaji Amidu ya yi duk ƙarfinsa. Alhaji Ba'are ne, mutumin Dogon Dutsi a ƙasar Nijar, amma ya zo Kumasi tun ba a haife ni ba. Shi ya yi wa ubanmu sutura, shi ya yi wa Seini aure. In ya ji hayaƙi bai tashi a wani gida ba, kafin la'asar za a ga kwano ya shiga, kuma ba za ka taɓa jin zancen a bakinsa ba.

Sai kuma Wahabu. Allah ya isa, har yanzu in na kira sunan nan sai na ji ɗaci a harshena. Ubansa Iddrisu ɗan garin su Alhaji ne, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa, ya mutu ya bar mata da ƙaramin yaro. Alhaji ya ɗauki yaron ya sa shi makarantar boko, ya girma ya zama shi ke yi wa rumfa rubutu, shi ke magana da Tonawa, wato Asantawa masu kawo goro daga daji. Ni tun yana ƙarami ban yarda da shi ba. Yaron da zai shanye koko ya lashe ƙwarya sannan ya ce bai ji sukari ba, ai ka san abin da zai zama.

Sai ga shekarar sittin da tara, cikin azumi, rediyo ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasa. Wa'adin da aka bayar bai isa mace ta sayar da tukwanenta ba. To wa ke da takarda a Zango? Mutumin da ya zo da ƙafarsa tun zamanin Turawa, ya haifi 'ya'ya, ya binne mata a maƙabartar Tafo, wa ya taɓa ce masa takarda? Kuma in an tare ka ba inda aka haife ka ake tambaya ba, inda aka haifi ubanka ake tambaya, in ma ba a dubi tsagar fuskarka an yanke hukunci ba. Na ga mata suna sayar da gadon ƙarfe a kuɗin tabarma. A layinmu ɗaki bayan ɗaki aka datse da kwaɗo, na rasa masu shan kokona fiye da rabi.

Kafin a ce me, Wahabu ya samo wasu tsofaffi suka rantse masa cewa ubansa mutumin Salaga ne. Salaga fa, garin ubanmu! Uwarsa kuwa, Mma Ajara, wadda tsagar Arawa ta ratsa mata kumatu daga baki har kunne, ya tura ta ɗakin ƙurya ya ce kada ta kuskura ta leƙo. Duk Zango an sani, ba wanda ya ce uffan, don a kwanakin nan kowa rufa wa ɗan'uwansa asiri yake yi. Mu ma mun yi shiru, har addu'a muka yi masa.

Shi Alhaji ya nemi takardar zama, aka ce ya jira. Kafin ta fito sai ya mai da rumfa da sunan Wahabu, ya ce ai ɗansa ne, shi kuma ya ɓuya a ɗan ɗakin da ake ajiye ganye a bayan rumfa. Mutum biyu suka san yana can: Seini da ke kai masa abin buɗa-baki, da Wahabu.

Wata rana da hantsi Seini na zaune yana ɗauri, sai ga motar 'yan sanda ta tsaya. Ya ɗaga kai ya hango Wahabu a tsallaken titi kusa da mai burodi. Da idonsa ya ga ya turo leɓe ya nuna ɗakin ganye. 'Yan sandan ko rumfa ba su leƙa ba, kai tsaye suka zagaya baya suka fito da tsoho, ganye duk ya manne masa a riga. Da za su wuce da shi, Alhaji ya dubi Seini ya ce, "Ƙarasa ɗaurin nan, kada goron ya sha iska." Ita ce maganarsu ta ƙarshe. Bayan salla wani direba ya kawo labari: lorinsu ya daɗe a layi a bakin iyaka, rana na dukansu, Alhaji ya ƙi karya azumi, ya cika kafin a tsallaka. A gefen hanya aka binne shi.

Wahabu ko makon makoki bai bari ya cika ba ya kira mai fenti ya rubuta sunansa a goshin rumfa. Ya ce wa Seini, "Baba Seini, ci gaba da aikinka, babu abin da ya canja." Seini ya naɗe igiyarsa ya ajiye masa a gabansa ya fita.

Ni kam a lokacin jinina tafasa yake yi. Na ce, "Yaya, ofishin 'yan sanda ba nisa. Je ka gaya musu ko ɗan wane ne, su jefa shi a lori shi ma ya ji yadda rana take."

Ya ce, "In na yi haka, ni da shi me ya raba mu?"

Na ce, "To sai a zuba masa ido ya ci bulus?"

Ya tashi ya fita. Halin nan nasa ya kusa kashe ni.

Daga nan kullum da safe sai ya zo ya zauna a bencina, in zuba masa koko, mu yi ta juya maganar abin da zai yi, don gida akwai baki, matarsa har ta fara fitar da kwanukan aurenta kasuwa. Mun fara da sauran rumfunan goro. Rabi a rufe suke, masu su sun tafi, waɗanda suka rage kuma ta hannun Wahabu suke samun kaya, shi kuwa ya aika musu cewa wanda ya ɗauki Seini ya nemi goro a wani wuri. Na ce to gadi fa, kantunan Adum, can cikin gari, na neman masu gadi. Ya je ya dawo ya ce kayan da za a ba shi gadi na mutanen da aka kora ne, aka saye a wulaƙance, ba zai kwana a gabansu da sanda ba. Na ce gonakin koko, wato na cakulan, sun rasa lebura, masu gona har Zango suke zuwa nema. Ya nuna min gwiwoyinsa, waɗanda zaman ɗauri ya riga ya cinye. Na ce mu haɗa abin da muke da shi ya kama teburin wani da ya tafi a kasuwa, kowa haka yake yi. Ya ce shi ba ya cin abincin da hawaye ya ɗiga a ciki. Na ce to koma Salaga. Ya ce wa ya sani a Salaga, kabarin kakansa? Kai, ranar na jefar da ludayi na ce masa to ya ci mutunci ya sha ruwa.

Ana cikin haka aka yi suna a layinmu. Liman ya yi addu'a ya raɗa suna, sai wuri ya yi tsit, na baya suna tambaya, "Wa aka ce? Wa aka ce?" Babu mai shelantawa. Maroƙan Zango kusan duk mutanen Kano ne da Sakkwato da Nijar, an kwashe su. Suna ya zama kamar zaman makoki, aka raba goro aka watse.

Ga wanda bai san yadda muke yi ba, aikin maroƙi a wurin suna ke nan: shi ke ɗaga murya ya faɗi sunan jariri, sannan ya bi manyan da ke zaune ɗaya bayan ɗaya, ya kira mutum ya kira ubansa ya kira kakansa, ya faɗi garin da suka fito. Wanda aka kira sai ya miƙe ya liƙa masa wani abu a goshi. Ba girman kyautar ake dubawa ba, miƙewar ita ce magana, ma'anarta, "Na amsa, ubana ne." Ba a taɓa jin wanda aka kira ubansa ya ci gaba da zama ba. Kuma maroƙi ba ya jiran gayyata, ba a korarsa, ba a kuma ɗaga masa hannu.

Washegari Seini ya zo ya zauna, bai ko karɓi ƙwarya ba ya ce, "Safiatu, na sami sana'a. Roƙo zan yi."

Na ce, "Inna lillahi! Yaya, yunwa ce ta taɓa maka kai? Kai da kake sahun gaba a masallaci? Ka san maroƙi ba ya zama tabarma ɗaya da dattawa. Ka san in ka shiga ba fita, ko ka bari sunan ya bi ka ya bi 'ya'yanka mata har ɗakin miji. Kuma kai da ko sallama sai an roƙe ka?"

Ya ce, "Duk na auna. Aiki ne da babu mai yin sa yanzu, ba a neman jari, ba kuma a hannun kowa zan karɓa ba." Ya rage murya. "Matar Wahabu na da ciki."

Na tsaya da ludayi a sama.

Ya ce, "Ba zan kai shi ƙara ba. Yabonsa kawai zan yi. Ina so ya tsaya a gaban Zango, ko ya amsa ubansa ko ya ƙi shi, ya zaɓa da bakinsa."

Wallahi na yi dariya har na ƙware. Na cika masa ƙwarya na ɗora ƙosai masu zafi, na ce ci, Yaya, murya sai da ƙarfi.

Maroƙi ɗaya ya rage a garin, Baba Awalu na unguwar Akwatia Line, shi ma don ƙafafunsa sun kumbura ne, 'yan sanda suka zo suka ga ba ya ɗaukuwa suka bar shi. Wurinsa Seini ya je ya durƙusa, mutum da furfurarsa. Baba Awalu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ga mai ruwa can ƙarshen layi, kira min shi in ji." Seini ya buɗe baki. Ashe shekarun nan da ya yi yana shiru tara muryar yake yi, har awaki suka watse. Tsoho ya ce, "To, akwai kaya. Zauna."

Abu na farko da ya koya masa shi ne roƙo ba ƙarya ba ne. Ya ce, "Ka ƙara gishiri a kan abin da ke akwai, amma ranar da ka ba mutum uban da ba nasa ba, ranar ka mutu a sana'ar nan." Ya koya masa yadda ake farawa a ƙasa a hau a hankali, da yadda ake riƙe sunan mutum a baki har sai hannunsa ya nufi aljihu da kansa. Ya zazzage masa asalin gidajen Zango, wa ya haifi wa, wa ya zo daga ina. Da ya ga Seini na yawan komawa kan Iddrisu ɗan dako, sai ya ce, "Wannan da kake ta tambaya a kai, yabo ne ko yanka?"

Seini ya ce, "Yabo ne, Baba."

Tsoho ya ce, "Alhaji Amidu ya ciyar da ni azumi ba ɗaya ba. Ni na yi roƙo ranar sunan Wahabun nan. Matso in ƙara maka."

Fitarsa ta farko ban so tunawa. Ya manta sunan kakan ango, samari na ƙyaƙyata dariya. Abokan ɗaurinsa na da suka sunkuyar da kai kamar ba su san shi ba. Wani ya jefa masa kwabo a ƙasa, ya duƙa ya ɗauka a gaban jama'a. Matarsa ta yi kwana da kwanaki ba ta fita ko famfo. A masallaci ba wanda ya ce masa ya koma baya, shi ya koma da kansa. Ni na ji zafin wannan paa, ƙwarai da gaske, amma duk sanda na ji sai in ƙara shi a kan abin da Wahabu zai biya.

A hankali bakinsa ya faɗa. Kafin damina ta sauka ba a suna ko ɗaurin aure daga Aboabo har Akwatia Line sai da Seini, tukunya ta koma kan wuta a gidansa. Kuma ya fito da wata dabara da ta sa kowa ya sake da shi: yana kiran uba yana kiran kaka, amma ba ya taɓa faɗin gari. Kowa ya gane dalili, kowa ya gode masa a zuci, don ba a san wa ke saurare ba. Har aka riƙa cewa roƙon Seini ba ya tona kowa.

Wahabu kuwa ya yi ƙiba, ya sayi agogon hannu, ana ce masa Manaja. Yakan tsaya a gabana ya ce, "Mma Safiatu, ina Baba Seini? Na ji ya zama mawaƙi. Ai da ya faɗa min yunwa ce da na taimaka." Sai in ce Allah ya saka, ina juya koko kamar wuyansa nake murɗewa.

Matar Wahabu ta haihu, namiji. Da ƙafarsa Wahabu ya zo har benci, a gaban masu shan koko, ya ce wa Seini, "Ka zo ka yi min roƙo. In ka yi da kyau akwai tsohuwar riga." So yake Zango ta ga mutumin da ya ajiye masa igiya yana miƙa masa goshi. Seini ya durƙusa ya ce, "Allah ya raya, Manaja. Zan zo." Muka kuma ji cewa Iddrisu za a sa wa yaron, don tsohuwar uwarsa ta kafe a kan haka, shi kuma ya ga ai Salaga ma akwai masu sunan.

Ranar suna da sassafe an jera kujerun haya har bakin titi. Ga liman, ga dattawan unguwa, ga Tonawa abokan cinikinsa da zannuwansu a kafaɗa. A kujerar gaba kuma ga wani sajan 'yan sanda, ɗan arewacin ƙasar nan ne, Hausa a bakinsa ta fi tawa, Wahabu ya gayyato shi don a san da wa yake tafiya. Ni ba a gayyace ni ba. Na ɗauki ludayina na shiga cikin masu girki na tsaya inda nake ganin komai.

Liman ya yi addu'a aka shafa. Seini ya ɗaga murya ya ce, "Sunan yaro Iddrisu! Allah ya raya Iddrisu!" Mata suka rangaɗa guɗa. Ya bi liman, ya bi dattawa, kowa na miƙewa yana liƙa masa. Har sajan ya zuga, shi ma ya miƙe yana dariya. Ya bar mai gida a ƙarshe. Sannan ya juyo ya tsaya a gabansa, ya fara a ƙasa-ƙasa yadda aka koya masa.

"Ina uban yaro? Ga shi nan, Wahabu mai rumfa! Yaro ya ci sunan kakansa, to bari in gaya wa yaro wane ne kakansa. Iddrisu Giwar Tasha, mai ɗaukar buhu biyu ya tambayi na uku! Iddrisu da ya goyi maƙwabcinsa daga Aboabo har asibiti ranar da mota ta ƙi tsayawa! Bai ci na kowa ba, bai nuna ɗakin kowa ba!"

Tsofaffin da suka san marigayin suna ta gyaɗa kai. Wahabu na murmushi, hannunsa ya shiga aljihu, ya ɗago daga kujera ya kai rabi. Nan Seini ya saki muryar duka.

"Ɗan Gado, jikan Tunkara! Ba'are na Dogon Dutsi, wanda ya tako daga Nijar har Kumasi da ƙafarsa! Wahabu ɗan Iddrisu Ba'are, tashi ka amsa ubanka!"

Wuri ya mutu. Ko cokali ba ka ji. Wahabu ya tsaya a haka, bai miƙe ba bai zauna ba, hannu a aljihu, ya saci kallon sajan. Sajan na juya goro a hannunsa. Seini ya matso ya miƙa goshi ya sake cewa, "Ɗan Iddrisu Ba'are, ubanka ake kira!"

Wahabu ya koma ya zauna. Ya zaro hannunsa babu komai, ya yi wata busasshiyar dariya ya ce, "Maroƙin nan ya sha wani abu ne? Ban san wannan mutumin ba. Ni ubana ɗan Salaga ne."

Seini ya ja da baya ya ce, "Ashe! Jama'a a gafarce ni, sabon shiga ne. Ni dai wanda na sani shi ne mijin Mma Ajara, wanda muka binne a Tafo. In akwai wani, ban san shi ba."

Ai sai aka ji salati daga ɓangaren mata. Sai a lokacin Wahabu ya gane abin da bakinsa ya faɗa a kan uwarsa. Labulen ƙurya ya ɗaga, Mma Ajara ta fito tana dafa bango, matar da rabon a ga fuskarta tun azumi. Ta ratsa mata ta ratsa maza har gabansa. Ɗan farinta ne, tunda ta haife shi kunya ba ta taɓa barin ta kira sunansa ba, amma ranar ta kira.

"Wahabu. Miji ɗaya na yi a duniya. Shi ya kawo ni garin nan, a ɗakinsa na haife ka, ni na yi masa takaba. Ban taɓa taka Salaga ba. To gaya wa jama'a, shi wannan na Salaga a ina na sadu da shi?"

Ya ce, "Mma, koma ciki." Ya juya ga baƙi yana zufa. "Tsufa ne, ta rikice, ba ta san abin da take faɗa ba."

Ta zame mayafinta ta juya ga sajan ta ce, "Ɗana, dubi fuskata da kyau. In lori kake cikawa, ga ni." Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro kwabo ta liƙa wa Seini a goshi da hannunta. Ta ce, "Ni na amsa. Mijina ne."

Sajan ya miƙe ya ce yana da aiki. Ya riga ya ci kuɗin Wahabu, saboda haka ya yi kamar bai ji komai ba. Liman ya nemi takalmansa. Dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi wa mai gida sallama. Naman suna da aka rarraba gida-gida, kafin azahar duk ya dawo an jere kwanukan a ƙofarsa. Ni na ga wannan da idona, kuma in faɗa muku gaskiya, tunda nake ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ba a kama Wahabu ba, rumfa ma tana hannunsa. Amma daga ranar ba mai kiran sa Manaja, yara da manya Ɗan Salaga suke ce masa. Na tambayi Seini, "Yaya, zuciya ta yi sanyi?" Ya ce, "Ta wajen Alhaji ta yi. Saura tsohuwar." Ya je ya same ta a ɗakin wata maƙwabciya inda ta koma, ya durƙusa zai ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi. Gaskiya ka faɗa, aikinka ke nan. In kana son yi min wani abu, nemo min lorin da zai kai ni wajen dangin mijina."

Muka yi ta roƙonta, muka ce kora ta lafa, ba mai taɓa ta, ga ɗakina ta zo mu zauna. Ta ce ba za ta kwana a garin da ɗanta ya ba ta wani miji ba.

Ni da Seini muka raka ta tasha. An yi ruwa da safe, wuri duk caɓi. Ta hau ta zauna a bakin ƙofa da ɗan ƙunshinta a cinya, sai ga Wahabu a guje, ya zube a cikin taɓon nan da farar rigarsa ya kama ƙafarta.

"Mma, ki yafe min. Don mu zauna ne na yi, don rumfa ne. Wa kika sani a can? Wa zai riƙe ki? Mma, ki sauko."

Ba ta dube shi ba. Ta dubi wana ta ce, "Seini, kai ka san asalin kowa a garin nan. Wannan ɗan wane ne?"

Seini ya ce, "Ban sani ba, Mma. Ya ce ɗan Salaga ne."

Ta ce, "To a ce masa ya sakar min ƙafa. Ni matar Iddrisu ce, baƙon namiji ba ya taɓa ni."

Ya saki. Direba ya tada mota, ta gyara mayafinta ta fuskanci gaba. Muka juya muka kama hanyar Aboabo, muka bar shi a durƙushe, masu dako suna ce masa ya kauce musu daga hanya.